Mindar Bama da Layar Wuyan Inna

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba tsohon soja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ne ɗanka Umaru, wanda ka sa a boko don ya riƙa karanta maka takardu. Ga shi takardar da ta fi cancanta in karanta maka sai bayan ranka ta zo hannuna.

Shekara uku ke nan ina neman mindarka, lambar yabon nan da aka ba waɗanda suka je yaƙin Bama. Inna ce ta sa ni. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, duk safiyar da na shiga gaishe ta tambayarta ɗaya ce: "Umaru, sun ba da ita?" Maganarka ta riƙe, wadda kakan yi kana gyaran kwamin albasa: "Mindata tana wurin Turawa, ran da sunka tuna za su aiko." Ka rasu a shekarar da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo, ba su tuna ba.

Na fara da ofishin tsoffin sojoji. Aka ce in kawo lambarka ta soja. Na ce ban san ta ba, amma ga sunanka. Akawun ya dube ni kamar wanda ya shiga kasuwar Goronyo yana cigiyar akuya, aka tambaye shi alama ya ce ja ce. Ashe ranar ɗaukar soja ba a damu da sunan uba ba, sunan gari ake liƙa wa mutum. Na Wurno, na Rabah, na Kagara, duk aka rubuta Sakkwato aka huta. Masu suna Garba Sakkwato kuwa, Baba, da an tara ku wuri ɗaya da kun gama yaƙin ku kaɗai.

Na je Kaduna sau biyu, na dawo da ciwon baya. Na rubuta Ingila. Bayan watanni amsa ta zo cikin Turanci mai ladabi ƙwarai, har na karanta wa ɗalibaina don su koyi yadda ake hana mutum abu ya yi godiya. Su ma lambar suke so.

Kai ma ba ka taimake ni ba. Na san dalili. Ɗan gidan malamai ya gudu ya sa kaki, wannan ba labarin da ake bayarwa a zaurenmu ba ne. In mun matsa maka sai ka ce: "Mi za ni gaya maku? Can ruwan sama ba ya gajiya." Shi ke nan tarihin yaƙin duniya a gidanmu. Na zazzage akwatinka na ƙarfe, ban samu komai ba sai takardar gonar fadama da tsohon reza.

Watan jiya na je gaisuwar mutuwa ƙauyen Kwargaba. Ina ba da labarin wahalata, sai wani tsohon baduku da ke gefen tabarma ya ɗago kai ya ce: "Takardar sallamar Garba? Ai babana yad ɗunke mashi ita cikin jar fata, don gudun gara."

Jar fata, Baba. Layar nan da take damtsenka tun ina yaro, wadda muka ɗauka rubutun kakanmu ne a ciki. Tun ranar da aka yi maka wanka Inna ta rataya ta a wuyanta. Shekara uku ina zirga-zirga a tashoshin mota, alhali kullum safe ina durƙusawa a gabanta. Ni da nake taƙama da karatu ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba, don ba wanda ke tambayar cikin laya.

Sai da na yi mako guda ina lallashin Inna. "Ba a buɗa laya, Umaru. Duk bokonka ba ka san wanga ba?" Daga baya ta cire da kanta ta miƙo mini, ta kau da kai. Da hantsi na farke ɗinkin da wancan rezan naka.

Takardar ce. Gara ba ta taɓa ta ba, ka yi gaskiya. Amma ba ka yi lissafin zufa ba. Taka ta shekara arba'in a gona, da ta Inna a bayanka, sun shiga ta kan ninkin sun cinye ƙarshen lambarka ta soja, alƙaluma biyu cif. Wato yanzu kana cikin mutum ɗari. Na sake rubuta wa ofishin tsoffin sojoji, sun ce za su duba, sai dai abin zai ɗauki lokaci. Lokacin ne kuwa ba na jin Inna tana da shi.

Abu ɗaya ya tsira sarai. A ƙasan takardar akwai dangwalen babban yatsanka, da tabon laujen nan ya ratsa shi. Inna ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma da na kai mata kusa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce: "Wanga shi na." Ta ɗora yatsanta a kan naka. Can ta ce in kai a ɗinke a maido mata, in kuma Turawa sun tuna, in ajiye wa jikokinka.

An ɗinke, ta koma wuyanta. Yau kwana goma sha ɗaya ina shiga gaishe ta, ba ta sake tambayata ko sun ba da ita ba. Na zaci ranar da ta daina zan ji sauƙi. Yanzu in na fito daga ɗakin nakan ɗan tsaya a bakin ƙofa, ko za ta kira ni.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da abin da ba a neman lamba kafin a bayar. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya ƙara mana kwana da ita.

Ɗanka da ya gaji, amma bai fasa ba,
Umaru