Muryar Dogo a Wayar Umma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ya huta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. To ya zan yi? Kin toshe lambata, saƙona ba ya shiga, kira ma haka. Ban ga laifinki ba.

Yaya, ni kaɗai ce a bakin ɗakin asibitin lokacin da likita ya fito ya ce ɗan'uwanmu ya cika. Wallahi ban san sa'ad da na danna waya ba. Ina kuka na yi saƙon murya, na tura guruf ɗin gida. Na manta shaf Umma tana ciki, alhali ni na saka ta da hannuna, ni na koya mata inda za ta taɓa ta ji murya tunda ba ta karatu. Tana kicin ita kaɗai tana yanka albasa ta saurara. Maƙwabciya ce ta tsince ta a ƙasa.

Kin ce min a gaban mutane ba ni da hankali, ba a tura mutuwa kamar hoton biki. Gaskiya kika faɗa. Da na jira Kawu ya je ya zauna kusa da ita ya lallaɓa ta, da wataƙila ba haka ba. Abin yana cin raina kullum.

An sallamo Umma daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin, ni nake jinyarta. Hannun dama bai dawo ba, magana kuma sai da ƙyar. Ki yafe min don Allah.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ban ga amsarki ba, amma dole na sake rubutowa, domin akwai abin da na ɓoye miki.

Ranar da muka dawo gida, tsoro ya kama ni kada Umma ta sake jin saƙon nan nawa. Na ɗauki wayarta, maimakon in goge shi shi kaɗai, sai na share komai da ke ciki. Ban tsaya na duba ba, irin dai garajena da kika sani.

Yaya, ashe kullum da safe kafin Dogo ya buɗe garejinsa sai ya turo mata murya. Yana ce mata tsohuwa, yana tambayar ko ta sha maganin hawan jini, yana tsokanarta wai ta fi tsohuwar mota shan mai. Shekara biyu tana ajiye su. Duk na goge.

Na kai wa mai gyaran waya, ya juya ta ya juya, ya ce babu yadda za a yi. Wayar Dogo kuwa kin san ta ragargaje a hatsarin da ya yi ajalinsa. Na bi Kawu da abokan aikin Dogo, kowa ya ce rubutu yake masa. Umma kaɗai yake wa murya.

Ke ce kika rage. Ki duba don girman Allah, ko guda ɗaya ne, ko gaisuwa ce kawai. Ba sai kin kula ni ba, ki tura wayarta kai tsaye.

Kullum bayan ta karya sai ta nuna min wayar. Ta taɓa inda na koya mata, ta kara a kunne, ta yi shiru tana jira, sannan ta ɗago ta dube ni. Ni kuma in ce mata sabis ne babu. Ba ta san ni ce ba. Yau da na faɗa kuka ya ƙwace min, sai ta ajiye wayar, ta share min hawaye da hannun da ya rage mata.

Na gaishe ki. Allah ya huci zuciyarki.

Ƙanwarki,
Auta