Shanun Tallafi Sun Mai Da Ni Mai Arziki

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Haraji na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan ranka ya daɗe yana lafiya, da iyali, da sabuwar mota. Ni ne Sa'idu, manomi a 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara. Na rubuto in yi godiya, don a bakin mutanenka na fara jin cewa na yi arziki.

Na ɗaya. Bara da bazara gwamnati ta ba ni tallafin shanun huɗa biyu da garma. Aka ce albarkar man fetur ce, kyauta ce, ba bashi ba. Har hoto aka ɗauke ni riƙe da igiya. Ko kwabo bai shiga hannuna ba, ni ne ma na ba direban da ya sauke su tukwici.

Na biyu. Da kaka malamin haraji ya zo. Bai leƙa rumbuna ba. Daga ƙofar gida ya hango shanu, ya cire ni daga harajin naira shida, ya sa ni cikin masu arziki, naira sittin, layi ɗaya da Alhajin da ke lodin auduga a Faskari. Dawar da za mu ci da damina na sayar na biya.

Na uku. Wani malamin makaranta ya faɗa mani ba a yanka wa tallafi haraji. Na zo ofishinku, akawu ya tabbatar da haka cikin fara'a, ya ce za a mai da mani kuɗina, amma sai na bar takardar harajina a fayil. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa magidanci a ƙasar nan ba ya shiga kasuwa sai da takardarshi cikin hula. Sati biyu tsakani masu duba takarda suka tare ni a kasuwar Sabuwa. Na rantse masu takardata tana wajenku, suka yi dariya, suka zaunar da ni a rana, surukina yana kallo. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sai da na sake biyan sittin, sa guda na sayar a nan.

Na huɗu. Na koma ofis da sabuwar takardar. Akawu ya tausaya mani ƙwarai, ya ce ita ma in bar ta a fayil, don a san sau biyu na biya. Na ƙi. Ya ce to magana ta tsaya.

Yanzu ga ni da sa ɗaya, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Gonar da na ƙara sharewa saboda shanun tana nan kwance, hadari ya fara haɗuwa, rumbu babu komai, mutum tara nake ciyarwa.

Roƙona biyu ne. A mai da mani naira ɗari da sha huɗu kafin ruwan shuka, in saya wa san nan abokin aiki. Sannan na ji bana injin ban-ruwa za a raba, kuma sunana na ciki. Don girman Allah a cire shi. Ba ni da abin da zan sake sayarwa.

Allah Ya ƙara girma, Ya raya zuri'a, Ya tsare ka da iyalanka daga tallafi.

Wassalam.
Sa'idu, 'Yargoje.