Takardarku ta hana gishiri, ta manta da kanwa

Zuwa ga shugaban likitocin da ke tsara ƙa'idojin kula da masu ciwon ƙoda.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Hauwa'u, ina koyar da mata karatu a Kurawa, ƙasar Sabon Birni. Ban saba rubuta wa manya ba, gajiya ce ta sa ni ɗaukar biro.

Na farko. Bara, bayan an gama yankan gero, ƙafafun maigidana suka kumbura har takalmi ya daina shiga. A asibiti aka ce ƙoda ce, aka ba mu takardar da aka ce daga ƙa'idojinku aka ciro ta. Da Turanci take. Ma'aikacin jinya ya fassara mana abu uku: a sha magani, a daina gishiri, a dawo duk wata. Na riƙe su da hannu biyu. Gishiri bai sake shiga tukunyata ba, har baƙi suka riƙa tsokanata wai na manta girki.

Na biyu, kuma shi ke hana ni sukuni. A wurinmu idan mutum ya kwanta ciwo ya kasa cin tuwo, kunun kanwa ake dama masa. Haka na taso na gani. Wata bakwai ina dama masa kowace safiya, ina jefa 'yar kanwa a miyar kuka da wake, ina jin daɗi wai ina bin doka. Sai da numfashinsa ya fara sarƙewa muka kai shi Sakkwato, wata likita ta zauna ta tambaye ni abin da yake ci ɗaya bayan ɗaya. Da na ambaci kanwa ta ajiye biro. Ta ce abin da ake gudu a gishiri yana cikin kanwa. Ta ce ba lallai ita kaɗai ta kai shi ga wankin ƙoda ba, amma ba ta taimaka ba. Ta faɗa ne don ta sanyaya mini zuciya, ban kuwa sanyaya ba.

Na uku. Ban zargi ma'aikacin nan ba, abin da aka rubuta ya karanta. Wanda ya rubuta ne bai taɓa leƙa madafinmu ba. Mu gishiri daban, kanwa daban, manda daban. Ka ce mana gishiri, gishirin kawai za mu ajiye.

Roƙona kaɗan ne, ranka ya daɗe. A rubuta takardar da Hausa da ajami. A kira kanwa da manda da dunƙulen ɗanɗano da sunayensu. A umarci ma'aikata su tambayi mai girki abin da take sa wa a tukunya, domin ita ke riƙe da rabin jinyar.

Shi maigidan bai taɓa ce mini uffan ba, godiya ma yake yi mini, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Makon jiya wata mata daga Burkusuma ta nuna mini takardar da aka ba mahaifinta. Irin tamu ce sak, ko harafi ba a ƙara ba. Ita na gaya mata. Sauran da ba za ni haɗu da su ba fa?

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare iyalinka daga wannan ciwo, ya sa wasiƙar nan ta iso hannunka.

Wassalam.

Hauwa'u, Kurawa.