Ƙafafun Paraschiva da Dokarku Ta Mako Shida

Daga: Ilarie Bârsan, makiyayi, ƙauyen Strâmbeni
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Diyyar Allurar Rigakafi
Kwanan wata: 9 ga Maris, 2023

Game da: Hana matata diyya

Ranka ya daɗe,

Matata Paraschiva ta je da ƙafafunta ta karɓi allura, yau ba ta taka ƙasa, kuma kwamitinku ya ce ba ruwansa. Bokona bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

1. An yi mata allurar ran 19 ga Afrilu, 2022, a ɗakin shan magani na garinmu. Ba wanda ya ce mu zauna kusa da likita. Ranar Waliyyi Gheorghe, 23 ga watan, muka hau dutse da tumakin gari kamar kowace shekara, ina kiwo, tana yin cuku.

2. Can sama ƙafafun suka fara mutuwa, daga yatsu abin yana hawa. Tumakin nan amanar gidaje ce, kuma makiyayi ba ya saukowa da amana sai ranar Waliyyi Dumitru, ƙarshen Oktoba. Ita ma ta hana ni saukowa, wai kada a ce ɗan Bârsan ya watsar da dabbobin mutane saboda ciwon ƙafa. Muka yi ta murza ƙafafun da barasar gida. Sai a Yuli, da ta faɗi gaban tukunyar madara, na ɗora ta a jaki na sauko da ita asibiti.

3. Likitan jijiya ya rubuta cewa mai yiwuwa ƙwarai allurar ce. Ku kuka ce tunda likita bai gan ta cikin mako shida da yin allurar ba, babu hujja. Ranka ya daɗe, wane likita ne a saman dutse? Wanda ya tsara dokar nan ya taɓa kwana inda mota ba ta zuwa?

4. Ban zagi allura ba, ni ma na yi. Amma wanda ya ce mu miƙa hannu, shi ya kamata ya tsaya idan ta ɓaci.

Ina roƙo cikin ladabi a sake duba maganarta, a karɓi shaidar abokan kiwona biyu, a kuma gyara wa'adin nan saboda mutanen dutse.

Bana garken gari yana hannun wani. Ni ina gida, ni ke goya ta zuwa coci, tana ɓoye fuska a wuyana don kunya.

Da girmamawa, ina jiran amsa,

Ilarie Bârsan