Hedifon Ɗin Da Ya Kai Baba Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka kwanciyar hankali, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku a inda kuke, amin. Mu nan gida lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma zagayen maƙwabta, Auta ta gama jarrabawa tana ta barci kamar biyan ta ake yi, ni kuma ina nan ina fama da 'yan ajina. Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. To labarin ya fi ƙarfin waya, kuma kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na ɗauki biro.

Sai na fara da halin da saƙonka ya same mu a ciki, don ba ka san shi ba. Ka san har yanzu Baba ne ke zaune a teburin haɗa sauti a situdiyon Dogo, wannan ɗan ɗakin da ke saman shagon masu buga takardu. To tun bara aikinsa ya fara dawowa. Masu talla suka ce ƙarar tana soka kunne, wani mawaƙi ya ce muryarsa ta karkata gefe guda. Baba ya ce sifikokinsu ne marasa kyau. Daga ƙarshe Dogo ya zo ya sami Umma yana ta sosa ƙeya, ya ce wata makaranta ta ba su babban aiki na ɗaukar darussa a murya, kuma idan wannan ma ya dawo, dole ya zaunar da wani a kujerar Baba, duk da ba ya so. A gida kuwa mun daɗe da lura. Ƙarar talabijin kullum hawa take yi, in kana magana sai ya juyo maka da kunnen dama. Amma wa zai kalli mutumin da kunnensa ya ciyar da mu ya ce masa kunnen ya gaji? Umma ta tura ni, na tura Kawu, Kawu ya zo ya sha shayi ya yi hirar ƙwallo ya tafi.

Ana cikin haka sai ga akwatinka. Yaya, akwatin kaɗai ya isa a yi adon falo da shi. Baba ya wanke hannu kafin ya buɗe, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani kaya ba. An shimfiɗa baƙin yadi mai laushi a ciki, hedifon ɗin, wato abin sauraren nan da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa, yana kwance a tsakiya. Kofunan biyu na katako ne mai duhu da sheƙi, matasan kunnen na fata ne mai taushi, bayan kowane kofi kuma raga ce ta ƙarfe da ake hango cikinta. Wayar jona shi mai kauri ce, an kitsa ta kitso. Da na ɗauka a hannu na ce wannan ai wuya zai karya, amma da na ɗora a kai sai nauyin ya baje, har na manta da shi. Auta ta yi sauri ta jona a wayarta, sai ƙarar ta fito 'yar mitsitsiya, ta ce an cuce ka. Baba ya yi dariya ya ce wayarta ba ta da ƙarfin ciyar da irin wannan, shi ya sa ka haɗo da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. Ya jona komai a kan teburinsa na falo, ya kunna kiɗa, ya bar shi yana ta yi shi kaɗai har yamma, wai sabon abu sai an bar shi ya saki jiki. Umma ta zo wucewa ta ji kiɗan yana fitowa ta ragar, ta ce ita ba ta taɓa ganin abu mai tsada haka yana yoyo ba. Baba ya zaunar da ita ya yi mata bayanin cewa da gangan aka bar bayan a buɗe don sauti ya sami wurin numfashi. Ta ce ta ji, amma yoyo dai yoyo ne.

Da lokacin sauraro ya yi, Baba ya ce mu fara, shi zai zo ƙarshe. A lokacin na ɗauka kara ce yake yi mana. Ya sa mini wata tsohuwar waƙa da na sani tun ina yarinya, muryar mace ɗaya da jita da ganga. Na rantse maka, ashe ban taɓa jin waƙar nan ba. Na ji matar tana jan numfashi kafin kowane baiti. Na ji yatsun mai jita suna sulɓewa a kan tsirkiya in zai canja wuri. Gangar ba irin dukan nan take yi da ke girgiza ƙirji a motar haya ba, kowane bugu yana fitowa a dunƙule, ya tsaya inda ya kamata ya tsaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sautin ba a cikin kaina yake ba. Matar tana gabana, mai jita yana hagu da ita, can baya kuma wani ya ƙwanƙwasa wani abu, sai ga ni na waiwaya ina cewa Auta ta je ta buɗe ƙofa. Suka yi ta yi mini dariya. Aibinsa ɗaya da na gani shi ne in ka daɗe da shi kunne yana ɗaukar zafi, amma ban cire ba sai da aka ƙwace.

Umma ce ta ƙwace, ita mai cewa yana yoyo. Ta ɗora shi a kan ɗankwalinta, Baba ya ce hakan cin mutuncin kaya ne, sai ta fito da kunnuwan. Ba a jima ba ta lumshe ido ta fara bin waƙar da iyakar ƙarfinta, tana zaton a hankali take yi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya. Ran nan dai girki ya kama, muka ci shi a haka, babu wanda ya yi ƙorafi.

Sannan Baba ya zauna. Ya gyara kujera, ya rufe ido, ya daɗe bai motsa ba. Da ya cire sai ya fara ba mu hukunci dalla-dalla, irin yadda ka san yana yi. Ya ce ƙasan sautin, wato bes, yana da zurfi kuma yana da tsafta, ba ya danne sauran kayan kiɗa. Ya ce muryoyi suna fitowa da jikinsu, ba a yi musu kwalliya ba. Ya ce a ɓangaren dama siraran sautukan sama suna walƙiya ba tare da sun yi kaifi ba, bai taɓa jin irinsu ba duk shekarunsa a wannan sana'a. Sai ya ɗaure fuska ya ce amma kofin hagu yana da matsala, sautinsa a dushe yake kamar an lulluɓe shi da bargo. Ya ce an ga ɗansa mai sanyin hali an sayar masa da mai lahani, in rubuto maka ka mayar musu da kayansu. Ni da Umma da Auta muka kalli juna. Dukanmu mun saurara, kuma dukanmu mun ji ɓangarorin biyu daidai wa daida. 

Washegari Baba ya tashi da niyyar kama ɓarawo. Ya canja wayar hedifon ɗin, bargo yana nan. Ya goge bakin jonawa da auduga, bargo yana nan. Ya je situdiyo ya ɗauko wata amfilifayar, ya sa wani sauti na gwaji mai tafiya daidai a kunnuwa biyu, duk dai kanwar ja ce. Da la'asar ina zaune a falo ina duba takardun 'yan ajina, sai na ga ya cire hedifon ɗin ya riƙe shi a cinya yana kallo. Akwai gwaji ɗaya da ya rage, wanda duk mai aikin sauti ya sani, kuma na tabbata tun jiyan ya san da shi yake kewaye shi. Ana juya hedifon ne, kofin hagu ya koma kunnen dama. In lahanin ya bi kofin, kayan ne. In ya tsaya inda yake, to ba kayan ba ne. Na ga ya juya shi a hankali ya ɗora a kai, ya danna maɓalli. Na yi kamar ina karatu, amma ko harafi ɗaya ban gani ba. Waƙar ba ta yi nisa ba ya kashe.

"Kayan yaron nan lafiyarsu ƙalau," in ji shi, bai kalle ni ba. "Gobe ki raka ni asibiti."

Na ce to. Na tashi na shiga kicin na faɗa wa Umma, sai ga mu muna share hawaye muna dariya lokaci ɗaya. Tausayinsa ya kama ni sosai, Yaya, amma wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina.

Likitar kunnen mace ce mai raha. Tana leƙa kunnen hagu ta tambaye shi da me yake sosa kunne. Ya ce ba ya sosawa. Na ce da murfin biro, kullum, in yana aiki. Ya harare ni. Ashe dauɗa ce ya yi ta turawa ciki har ta toshe hanyar gaba ɗaya. Ta ba shi maganin ɗigawa na 'yan kwanaki, muka koma ta wanke. Daga nan aka sa shi a wani ɗan ɗaki aka ɗora masa hedifon na gwaji, kuma ko a nan sai da ya gaya wa ma'aikaciyar cewa nasu ba shi da kyau, in tana so ta zo gida ta ji na gaske. Sakamakon ya zo da daɗi da rashin daɗi. Kunnen hagu ya dawo kusan daidai da na dama. Amma sautukan can sama, mafi siranta, sun ragu a kunnuwan biyu saboda shekaru da yawan ƙara, kuma likitar ta ce waɗannan ba za su dawo ba. Ta ce ya rage ƙara, ya riƙa hutar da kunne. Na zaci zai yi musu, sai ya gyaɗa kai kawai. A hanyar gida kuwa ya ishe ni da mita, wai motoci sun cika hon, wai takalmina yana ƙara, wai tun yaushe fankar falo take wannan kukan babu wanda ya gyara.

Da muka dawo ya ɗauko darussan makarantar nan da ya riga ya haɗa, ya saurara da hedifon ɗinka. Na ga ya yamutsa fuska yana tambayar wane mugu ne ya yi wannan aikin. Ashe da yake ba ya jin siraran sautuka, sai ya yi ta ƙara su har suna soka kunnen mutane, kuma ya yi ta tura murya hagu don ya cike abin da kunnensa ya rasa. Hedifon ɗin bai rufa masa asiri ko kaɗan ba, kowane kuskure ya fito fili. Ya sake aikin tun daga farko. Yanzu ya canja tsari: yana sauraro da ƙara kaɗan, yana kallon fitilun awo na teburin, kuma in ya zo kan sautukan sama ba ya ƙarawa sai ya kira Dogo ya ji. Baba da kansa yake kiran wani ya taya shi ji, ka ji abin mamaki.

Ranar da za a miƙa aikin Umma ta kasa zama, sai kai da kawo take yi tsakanin falo da ƙofa. Da yamma Baba ya shigo da akwatin a hammata, ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha a hankali yana ja mana rai. Sai da Umma ta ce za ta ƙwace kofin sannan ya ce makarantar ta karɓa ba gyara ko ɗaya, har ta ba su sauran darussan na shekara. Dogo ma ya kira Umma daga baya ya ce maganar da ya zo da ita a mantar da ita, kujera ta mai ita ce. Matsalar Dogo yanzu ita ce ya ɗanɗana hedifon ɗin, kullum yana roƙon a bar masa shi ya kwana a situdiyo, Baba kuma ya ce ko da wasa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ina nan ina jiran hotunan da ta yi mini alkawari. Ka shafa mini kan 'yan biyu da takwarar Umma, Allah ya raya su. Umma tana gaishe ku tana sa muku albarka, Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, Auta ta ce a tuna maka ita ma tana da kunnuwa. Baba ya ga ina rubutu, na tambaye shi me zan ce maka. Ya ce in ce kada ka mayar da komai. Har na zaci ya gama, sai ya ƙara da cewa:

"Ki ce masa na gode, Allah ya yi masa albarka. Duk gidan nan kun sani kuka yi shiru don kuna jin nauyina. Shi kuwa daga can ya aiko mini da wanda ba ya jin nauyin kowa."

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Malamar gida.