Ina Kika Samo Riruwai?

Daren Laraba, ƙarshen Afrilu, Tudun Wada

Yau Inna ba ta gane ni ba. Tun da idonta ya tafi, jinta ma ya yi nauyi, da hanci take tantance 'ya'yanta, ni kuwa humra ce shaidata. Na sauka daga motar Kano da sabon turare a jikina, na durƙusa gabanta, sai ta ce, "Baƙuwa, sannu da zuwa." Abin ya soke ni.

"Inna, ni ce fa," na faɗa a kunnenta.

Ta jawo gyalena ta shinshina. "Ke 'yar nan, ina kika samo Riruwai?"

Turaren ba shi da nauyi. Ba ya kama tufa, zuwa yake ya wuce kamar iskar da ke gaban ruwan fari. Shekara nawa ina gyara rubutun mutane a gidan jarida, amma na rasa kalmar da zan kira ƙanshin da ita. Inna ta samo. Ta ce furen lemon tsami ne, na bayan gidan da suka zauna da Baba a garin Riruwai lokacin yana aikin kuza, tana amarya, tana shanya wanki a ƙarƙashinsa. Rabon da in ji ta yi dariya haka na manta.

Ta ce in kai ta ta shaƙa kafin furen bana ya zube. Na amsa ban yi tunani ba.

Da magariba na tambayi Malam Sale, direban da ke bin hanyar. Ya ce gidan ya rushe tuni. Bishiyar kuwa yana jin tana nan, sai Juma'a zai duba.