Dinyar Tafkin Hanyar Ntoum

PK8, Libreville
Disamba

Zuwa ga uwargida Ƙulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiyar tuƙin tasi da ruwan saman garin nan da ba ya hutawa.

Kin tuna mutanen da na ce suna ɗaukar motata shata duk Lahadi? 'Yan kallon tsuntsaye ne. Ba sa harbi, ba sa kamu, kallo kawai. Shugabarsu Madam Abeme, dattijuwa 'yar ƙasar nan, tsohuwar malamar makaranta. Yanzu ne lokacinsu, don tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun sauka a wani tafki da ke hanyar Ntoum: tsattsewa, da waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a taɓo.

Lahadin nan ina jingine da mota sai na ga Madam ta ƙame. Ta yafito ni ta miƙo mini madubin hangen nesa. Ƙulu, dinya ce. Dinya irin tamu ta Nguru, wadda muke kora daga gonar shinkafa da bugun gwangwani. Ita kaɗai, baƙa, cikinta fari, tana gyaran gashinta. Sun ce da wuya a ganta a wannan yankin. Na daɗe ban sauke madubin ba, don kada su ga idona.

Madam ta roƙe mu kada kowa ya faɗi wurin, saboda maharban da ke sayar da naman daji a bakin titi. Na ba ta alkawari. Amma da la'asar na biya shagon yayanki Abdulwadud a unguwar Akébé na gaya masa. In ban gaya wa wanda muka yi iyo tare a Nguru ba, wa zan gaya wa? Ya yi ta dariya yana kirana direban agwagi, sannan ya rantse maganar ta mutu a shagon.

A gaida Inna da yara.

Mijinki,
Maitama

PK8, Libreville
Janairu

Zuwa ga Ƙulu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Jikina lafiya. Sauran kuwa ba zan iya faɗa a waya ba, shi ya sa na rubuto.

Ranar Juma'a Aïssatou, matar yayanki, ta aiko mini da kwanon farfesu. Tun da na baro gida ban ci irinsa ba. Na cinye, na suɗe kwanon, na kira Abdulwadud ina ta godiya. Ya ce in ci in ƙoshi, ai ni na jawo mana arzikin. Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Ranar Lahadi muka je tafkin. Babu dinya. A bakin ruwa gashi ne baƙi a warwatse, da kwanson harsashi. Ƙananan tsuntsayen ma duk sun tashi. Madam ta durƙusa da ƙyar ta ɗauki gashi ɗaya ta sa a jaka. Ba ta dubi kowa ba, muka juyo gari.

Daga ajiye su na wuce Akébé. Na tarar da yayanki yana kaɗe ƙurar gwangwanayen madara da fiffiken dinya. Bai ma ɓoye ba. Ya ce ya yi marmarin ɗanɗanon gida ne, ya tura wani maharbi. Da na tuna masa rantsuwarsa, sai ya ce wane mai hankali ne ke ɗaukar rantsuwa a kan tsuntsu da gaske? Mazauna bencin shagon suka kwashe da dariya. Ashe duk sun sani, har da cewa na ci na yi godiya.

Ba zan zalunce shi ba, Ƙulu. Shi ya sauke ni a ɗakinsa ranar da na iso garin nan da jaka ɗaya. Cinya ya aiko mini, bai riƙe wa kansa ba. Da a Nguru ne, ni ma zan ci dinya ban ji komai ba. Kuma bakina ne ya fara buɗewa. Amma ya san alkawarin da ke wuyana. Ya sani, ya zuba a kwano ya aiko mini, ya saurari godiyata har ƙarshe. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Na je na sami Madam na ce daga wurina maganar ta fita. Ban ambaci sunansa ba, yayanki ne. Ta gode mini da na faɗi gaskiya, ta ce daga yanzu za su nemi wata mota. Ban ga laifinta ba.

Kada ki kira shi, kada ki gaya wa Inna. A masallaci zan ci gaba da ba shi hannu.

Kwanon Aïssatou na nan, na wanke shi. Kin san ban taɓa mayar musu da kwano haka nan ba. Ko ayaba ce ko sukari sai na sa. Gobe in zan fita aiki zan ajiye shi a shagon, wayam. Zai gane.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Maitama